Hotunan fasahar Pop masu lamba: me ke sa wani tsada wani araha?

Bilkisu:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana harkar zane da ɗab'i. A shafukan gidajen gwanjo ana sayar da hotunan fasahar Pop, irin na Andy Warhol da Roy Lichtenstein, waɗanda aka buga a takarda aka sa musu lamba kamar 87/250. Wani sai ya haura dala dubu 100, wani kuma mai kama da shi sak, hoto ɗaya, launi ɗaya, girma ɗaya, ko dala dubu guda ba ya kaiwa. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. In dai buga su aka yi duka, kuma akwai wasu 249 irinsa a hannun mutane, me ya mai da shi na asali? Ƙanƙantar lambar ce ke sa tsada, wato 3/250 ya fi 240/250 daraja? Sannan ta fuskar ma'ana, wanda ya ɗauki hoton gwangwanin miya ya buga shi sau ɗaruruwa, me yake son faɗa? Kuma ƙayyade adadin bai rushe abin da yake son faɗar ba? Na gode.

Malam Habu:

Wa alaikumus salam, Malama Bilkisu. Bugu iri biyu ne, kuma rashin rarrabe su ne ke cinye kuɗin mutane. Akwai wanda mai zane ya tsara tun farko don a buga shi: ya zaɓi launuka, ya duba gwaji, ya amince, ya sa hannu. Takardun nan 250 su ne aikin kansa, babu wani zane a wani wuri da suke kwaikwayo. Akwai kuma wanda aka ɗauki hoton zanen da aka riga aka gama, aka buga shi kamar fosta. Na biyun ko an sa masa lamba da fensir, fosta ce.

Ɗauki Marilyn ta Warhol, tunda ita aka fi ruɗar mutane da ita. A 1967 ya fitar da jerin hotuna 10 na tauraruwar fim Marilyn Monroe a ƙarƙashin kamfaninsa Factory Additions, kowanne kwafi 250, faɗi da tsawo santimita 91.4. Sa hannun yana bayan takardar, galibi da fensir, lambar kuma da hatimin roba aka buga ta. Bayan 250 ɗin akwai wasu 26 na mai zane da aka yi wa alama da haruffa daga A zuwa Z. To daga 1970 wasu mutanen Beljiyam suka fara buga hotunan nan da sunan Sunday B. Morning ba da izininsa ba. A bayan nasu akwai hatimi mai cewa mai saye ya sa nasa hannun da kansa. Na farko hatiminsu baƙi ne, na baya-bayan nan shuɗi, kuma masu shuɗin ana ta buga su. Kusan tabbas su kika gani da araha. Bugun ba shi da laifi a ido, amma Warhol bai amince da shi ba, ƙarewa ma akwai waɗanda ya rubuta a bayansu cewa ba shi ya yi ba, ya kuma sa hannu.

Maganar lamba kuwa, a irin wannan bugu 3/250 da 240/250 duk ɗaya ne. A kan jira a gama bugawa, takardu su bushe, a ware masu aibi, sannan a sa lamba, don haka lambar ba ta nuna wanda ya fara fitowa. Inda tsari ke da tasiri shi ne zanen da ake kartawa kai tsaye a farantin tagulla, domin kaifin kartar yana lafawa da yawan matsawa. Ragar sikirin, wadda ake tura tawada ta cikinta a buga irin su Marilyn, ba ta da wannan matsala a kwafi 250. Dillalin da ya ƙara miki kuɗi don lamba ta ɗaya, sha'awa yake sayar miki.

Abin da ya kamata ki tambaya shi ne jimillar abin da aka buga. Ban da masu lamba, akwai masu alamar AP, rabon mai zane, wanda bisa al'ada ba ya wuce kusan kashi 10 cikin 100. Akwai PP na mabugi, akwai HC da ba don sayarwa aka yi ba amma yana shiga kasuwa, akwai TP na gwajin launi, akwai kuma BAT, guda ɗaya tak da mai zane ya amince a bi. Saboda haka bugun da aka ce 150 ne yana iya kusantar 200 in an haɗa duka. AP hoto ɗaya ne da sauran, bambancin farashinsa kaɗan ne. TP na Warhol na shekarun 1980 daban ne, domin sau da yawa haɗin launinsa babu irinsa, shi ya sa yake tsada.

Kuma ƙarancin adadi shi kaɗai ba ya ɗaga farashi. A 1985 Warhol ya buga jerin sarauniyoyi huɗu masu mulki: Elizabeth ta Biyu ta Ingila, Beatrix ta Holan, Margrethe ta Biyu ta Denmak, da Ntombi Twala ta Swaziland. Adadinsu ɗaya, kwafi 40, da wasu 30 masu ƙyalƙyali. Mabugi ɗaya, shekara ɗaya. Amma na Elizabeth ya yi wa sauran fintinkau a kasuwa. Marilyn mai kwafi 250 ma ta fi ayyuka da dama masu kwafi 40 tsada. Hoton da mutane ke nema shi ke jan kuɗi, adadi yana biyo baya.

Kafin ki biya ko sisi, nemi aikin a cikakken kundin ayyukan mai zanen. Na Warhol shi ne na Feldman da Schellmann, shi ya sa za ki ga ana rubuta F&S da lamba; Marilyn ta 1967 tana daga II.22 zuwa II.31. Na Lichtenstein kuma Mary Lee Corlett ce ta tattara. Kundin zai ba ki girman takarda, irinta, adadi, mabugi, mawallafi, da inda sa hannu yake. Abu ɗaya ya saɓa, ki dakata. Wannan ya zama dole domin kwamitin da ke tantance ayyukan Warhol ya rufe a 2012 bayan shari'o'i masu cin kuɗi, gidauniyoyin Lichtenstein da mai zane Keith Haring ma sun daina tantancewa. Takardar shaidar da dillali ya rubuta da kansa darajarta daidai take da darajar dillalin. Rasit daga galari, wato gidan baje zane da sayar da shi, ko gidan gwanjo sananne, da jerin hannayen da hoton ya bi, sun fi ta nauyi nesa ba kusa ba.

Yakubu Mai Ɗab'i:

Malam Habu ya gama da takardu, bari in ƙara ta ɓangaren tawada, domin ido da gilashin ƙara girma mai ninki 10 suna kama jabu da yawa tun kafin a buɗe kundi.

Ga yadda ake bugun sikirin. Ana ɗaure raga mai laushi a firam, a shafe ta da sinadari mai daskarewa in haske ya taɓa shi, a busar a duhu. A ɗora fim mai ɗauke da hoton a baƙi, a haska. Inda haske ya ratsa sinadarin ya daskare, inda baƙi ya tare kuma ruwa ya wanke shi, raga ta buɗe. Sai a ɗora ta kan takarda a ja tawada da roba. Kowane launi da ragarsa, kuma sai na farko ya bushe ake ɗora na biyu. Warhol kan shimfiɗa launuka masu faɗi, fuska, gashi, leɓe, sannan ragar hoton ta hau kansu. Zamewar da kike gani, jan leɓe ya ɗan fita daga iyakarsa, da gangan aka bar ta.

Saboda haka a ƙarƙashin gilashi tawadar sikirin tana zaune a kan takarda, launi ɗaya shimfiɗe babu ɗigo, gefenta da ɗan tudu, kuma inda launuka biyu suka haɗu za ki ga ɗaya ya hau ɗaya. In kin haska tocila daga gefe tudun zai fito. Bugun ofset kuwa, irin na mujalla, ɗigo ne ƙanana na launi huɗu, shuɗi, ja, rawaya da baƙi, a jere kamar furanni. Na firinta mai feshin tawada ɗigonsa a warwatse yake kamar ƙura. In an ce miki sikirin ne kika ga ɗaya daga biyun nan, magana ta ƙare.

Sai dai a kula, ofset ba kullum jabu ba ne. Crying Girl ta Lichtenstein ta 1963 da Liz ta Warhol ta 1964, hoton tauraruwar fim Elizabeth Taylor, da ofset aka buga su tun asali, don galarin Leo Castelli. Abin dubawa shi ne ko hanyar bugun ta dace da abin da kundi ya ce. A na Lichtenstein kuma kar a rikita manyan ɗigon da ya zana da gangan da ƙananan ɗigon na'ura. A na gaske kowane babban ɗigo launi ɗaya ne cikakke. A kwafin da aka ɗauka da kyamara, cikin ɗigon ma ƙananan ɗigo ne. Manyan ɗakunan bugu irin Gemini G.E.L. na Los Angeles suna danna hatimi marar tawada a kusurwa, haka ma Tyler Graphics ya riƙa yi kafin ya rufe, yatsa yana jin sa.

Yanzu lafiyar takarda, wadda ita ke raba farashin kwafi biyu na gaske gida biyu ko fiye. Babbar cuta dusashewa ce. Ruwan hoda, rawaya da launuka masu walƙiya na shekarun 1960 ba sa jure haske, kuma abin da ya dusashe ba ya dawowa. A cire hoton daga firam a kwatanta gefen da firam ya rufe da tsakiyar. In gefen ya fi kaifi, rana ta ci. Kar a sayi mai tsada ba a ga bayansa ba. A baya ake ganin sa hannu, ake ganin tabon salatif, ake gane ko an manna shi gaba ɗaya a kwali, wanda ke karya daraja ƙwarai. A auna da tef: Marilyn an buga ta har baki, sai wasu su datse gefen da ya lalace, milimita kaɗan sun isa su tona asiri. Layin ruwan kasa da ke zagaye hoto daga kwali mai asid yake zuwa. Ɗigo-ɗigon tsatsa daga laima. Tsagewar tawada kuma daga naɗewa, shi ya sa ba a naɗe bugun sikirin mai kauri, a shimfiɗe ake aika shi tsakanin alluna. Fitilar UV, wato irin hasken da ido ba ya gani, a ɗaki mai duhu takan nuna inda aka yi ciko.

In ya zo hannu: kwalin auduga marar asid, maƙalai na takardar Japan da manne na sitacin alkama a gefen sama kawai, tazara tsakanin tawada da gilashi, gilashi mai tare UV. Gidajen tarihi suna riƙe hasken takarda a wajen lux 50, wato haske mai rauni, laima tsakanin kashi 40 zuwa 55, zafi wajen digiri 20. Gilashin UV ba ya hana hasken da ido ke gani cin launi, don haka bangon da rana ke bugawa haramiyarsa ne. Masu ƙyalƙyali, wanda mafi yawansa niƙaƙƙen gilashi ne, ba a goge su, kuma robar firam mai jan lantarki tana tsinke ƙwayoyin.

Bilkisu:

Madalla, Allah ya ƙara basira. Na gane batun asali da jabu. Amma tambayata ta ƙarshe tana nan. In Warhol bai damu ya sa hannu a bugun da ba nasa ba, kuma mataimaka ne ke jan robar, ba kasuwa ce kawai ta ƙirƙiro wannan tsadar ba?

Hajiya Rabi:

Ƙanwata Bilkisu, kin taɓo inda gizo ke saƙa. Fasahar Pop ta taso a Landan a shekarun 1950, wurin su Richard Hamilton da Eduardo Paolozzi, ta bunƙasa a New York a farkon shekarun 1960. Kafin nan abin da ake girmamawa a Amurka shi ne zanen da ke nuna motsin hannun mai zane da halin da zuciyarsa ke ciki. Masu fasahar Pop kuma suka juya ga abin da kowa ke gani kullum: talla, kwalin kanti, zanen barkwanci na jarida, fuskar taurari. Warhol da zanen talla ya fara cin abinci, ya san yadda hoto ke shiga kan mutum ta hanyar maimaici.

Gwangwanayen miyar Campbell 32 da ya nuna a galarin Ferus a Los Angeles a 1962 a jere aka ɗora su kan kanta, kowanne da ɗanɗanonsa, babu wanda ya fi wani. Marilyn kuma ta rasu a watan Agusta na shekarar, ya ɗauki hoton tallan fim ɗinta Niagara na 1953 ya shiga maimaitawa. Fuskar da ke cikin hoton ta riga ta zama haja kafin ya taɓa ta. Ya ɗora mata launi kamar kwalliyar da ta zame, har mai kallo ya rasa matar, sai tambarinta. Aikin da ke magana a kan maimaici, bugu ne hanyar da ta dace da shi. Shi ya sa ni a wurina jerin 10 na 1967, in an rataye su tare, sun fi bayyana manufarsa a kan kanbas guda, wato zane a kan ƙyalle, da ke ɓoye a ma'ajiyar attajiri.

Saɓanin da kika hango gaskiya ne, kuma su ma sun san da shi. Fasahar da ta ce hoto na kowa ne ta koma tana ƙirga kwafi. Amma a tuna cewa a lokacin ƙayyadadden bugu hanya ce ta sauƙaƙa mallaka. Jerin 11 Pop Artists na 1965, kwafi 200, an yi shi ne don wanda ba zai iya sayen kanbas ba. Keith Haring ya wuce nan, ya buɗe Pop Shop a New York a 1986 yana sayar da riguna da fosta, masu suka suka ce ya zubar da girma. Robert Indiana kuma ya ga ɗaya gefen: LOVE ɗinsa ya fito a katin Kirsimeti na gidan tarihin MoMA a 1965, ya hau kan sarkin wasiƙa na Amurka a 1973, aka kwaikwaye shi ko'ina ba tare da ya iya hanawa ba, kuma yawan ya rage masa ƙima a idon masu sharhi shekaru da dama.

Batun mataimaka bai dame ni ba. Ɗab'i tun asalinsa aikin haɗin gwiwa ne, kuma an san mabugan: Chris Prater na Kelpra a Landan, Rupert Jasen Smith da ya buga wa Warhol yawancin ayyukan ƙarshen rayuwarsa. Abin da mai zane ke bayarwa shi ne zaɓi: wane hoto, a yanke shi ta ina, wane launi, a tsaya a ina. Inda na ɗan saɓa da Malam Habu shi ne, bugun Sunday B. Morning bai rasa ma'ana ba. Wanda yake son ya zauna da hoton ya yi tunani a kansa, ya saya da sunansa na gaskiya da farashinsa na gaskiya, bai yi asara ba. Kuɗin da ke kan na 1967 na tarihi ne, takardar da ta fito daga hannun mutumin a shekarar da abin ke faruwa.

Abin da nake ƙyama shi ne na yanzu: a zana wani ɗan tsanan katun riƙe da jakar kuɗi, a fesa da firinta, a sa 1/50, gobe a canza launin bango a sake wani 50. Su Warhol sun sa mutum ya tsaya ya dubi talla. Wannan kuwa tallar ce kanta.

Malam Habu:

Hajiya, ban musa ba, muddin mai saye ya san abin da ya saya. Saura lissafin kuɗi, Malama Bilkisu, tunda ana yawan tallata hotunan nan a matsayin jari.

Dala miliyan 195 da aka sayi Shot Sage Blue Marilyn a gidan gwanjon Christie's a watan Mayun 2022 kuɗin kanbas ne na 1964, guda ɗaya. Dillalan takarda suna son ambatarsa, amma kasuwa ce daban. Amfanin bugu shi ne ana iya kwatantawa: kwafi 250 na nufin irinsa yana fitowa gwanjo akai-akai. Ki duba sakamakon shekara uku zuwa biyar na hoton nan, launin nan, ki karanta rahoton lafiyar kowanne, ki kuma lura da waɗanda ba su sayu ba. Farashin da aka nema a galari ba hujja ba ne, wanda aka biya shi ne hujja.

Sannan la'ada. Manyan gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye wajen kashi 25 cikin 100 ko fiye a kan farashin guduma, wato tayin ƙarshe da aka sallama a kai, su kuma cire nasu daga mai sayarwa. Misali, guduma ta faɗi a dala 10,000, da la'adar kashi 26 kin biya 12,600, ban da haraji, dako, inshora da firam. In kin mayar gobe a farashi ɗaya aka cire kashi 10, 9,000 za ki karɓa. Kafin ki fid da uwar kuɗi sai guduma ta kai 14,000, wato tashin kashi 40. A Birtaniya da Tarayyar Turai akwai kuma kason mai zane ko magadansa a kan sake sayarwa, wanda ke farawa daga kashi 4. Ya shafi irin su Hamilton da Peter Blake.

Kasuwar tana faɗuwa. Ta yi tashin gwauron zabi a ƙarshen shekarun 1980 da kuɗin masu saye daga Japan, ta rushe bayan 1990. Bugun Banksy, mai zanen bango na Birtaniya, ya hau ƙwarai zuwa 2021 sannan ya sauko sosai, duk da cewa shi yana da ofishin tantancewa, Pest Control, wanda in babu takardarsa manyan gidajen gwanjo ba sa karɓa. Na mai zane da ke raye akwai ƙarin haɗari, domin yana iya fitar da sabon jeri mai kama da naki a kowane lokaci. Akwai kuma bugun da ake buɗe sayarwa na kwana kaɗan a buga adadin da aka yi oda, wanda kan kai dubbai. Kar a ɗauke shi kamar mai 100.

Jihohin New York da California suna da dokar da ta tilasta wa dillali bayyana adadin bugu, hanyar bugawa, da ko mai zane ne ya sa hannu. Ko a inda babu irin wannan doka, ki sa a rubuta a rasit: sunan aiki, shekara, hanyar bugu, girman takarda, lamba da jimillar adadi har da AP, lambar kundi, gyaran da aka taɓa yi, da sharaɗin mayar da kuɗi in ya tabbata ba na asali ba ne. Dillalin da ya ƙi rubuta sharaɗin ƙarshe, ki bar masa kayansa.